Zumar da Inna Take Nufi

Tun da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da Inna, bakinta ya rufe ga abinci. Ba haɗiya ce ta gagare ta ba, likita ya duba ya ce maƙogwaro lafiya lau. Ƙi kawai take yi. In na kawo kunu ta juya fuska bango. In na kawo kisra, siririyar wainar nan ta dawa, da miyar kuɓewa, wadda a da ko ƙamshinta ta ji sai ta tashi zaune, ta rufe ido kamar mai barci, alhali ina ganin gashin idon yana motsi. Ruwa kaɗai take karɓa, shi ma sai na yi lallashi har bakina ya gaji. Matar da ta yi ƙuruciyarta tana cirar auduga a gonakin Jazira, ta ɗauki buhu a ka ba mai taya ta, ta koma in na ɗaga ta zan gyara shimfiɗa sai in ji kamar tabarma na naɗe.

Likitan ya ce in mako ya zagayo ba ta ci ba, sai a kai ta asibiti a zura mata robar abinci ta hanci. Ƙanena ya ce ya yarda. Ni kuwa da alkawari a wuyana. Shekarun baya, tana da lafiyarta, mun je duba wata maƙwabciyarmu a nan unguwarmu ta Hajj Yusuf muka same ta da robar nan an manne mata ita a kunci. Da muka fito Inna ta damƙe hannuna a bakin titi ta ce, "Ko mutuwa zan yi, kada ki bari a zura mini wannan igiyar. Rantse mini." Na yi dariya na rantse, don a lokacin wa ya kawo? Da na tuna wa ƙanena sai ya ce, "Yaya, rantsuwarki ce za ta shiga cikinta?" Na zage shi tas.

Wata safiya ina goge mata fuska sai leɓenta ya motsa. Na kara kunne. Ta ce, "Zuma."

Wayyo daɗi! Ko takalmi ban tsaya nema ba, silifas ɗin wanka na zura na hau mota sai kasuwar Suk al-Arabi. A can kuwa kowa mai zuma ne, kowa kuma tasa ce ta gaskiya. Wannan ya ce tasa daga duwatsun yamma, wancan ya ce daga iyakar Habasha, wani ya dafa ƙirji ya ce tasa har ta haye teku. Na sayo mai tsadar na kawo. Inna ta taɓa da kan harshe ta ce, "Ba ita ba ce." Na koma na sayo wata, baƙa wuluk. "Ba ita ba ce." Sai maƙwabta suka shigo da iliminsu. Wata ta ce a tsoma ashana, in ta kama wuta ta gaskiya ce. Wata ta ce a ɗiga a yashi, in ta dunƙule ba ta nutse ba to ita ce. Wata ta ce tururuwa ba ta hawa zumar gaskiya, wata kuma ta rantse da Allah ta gaskiyar kaɗai tururuwa ke hawa. Na yi duka. Kwalbar da ta ci jarrabawar ashana ta faɗi ta yashi, wadda ta ci ta yashi tururuwa ta yi biki a kanta. Kaina ya ɗaure tamau.

Na durƙusa gaban gadon na ce, "Inna, don Allah wace iri kike nufi?"

Ta ce, "Irin ta babana. Wadda aka ciro kina gani."

Babanta ban taɓa ganinsa ba. Abin da na sani, a kambon da suka zauna, wato rugar ma'aikatan gona da ke gefen magudanar ruwa, yana rataya amya a kan itatuwa. Shi ke nan. Ba launi, ba ɗanɗano, ba komai da zan riƙe in je kasuwa da shi. Wata mai sayen kayana ce ta ce mini akwai wani gida can kudu da Umdurman, wajen bakin kogi, mutanenmu ne, suna kiwon ƙudan zuma, a gabanka ake cirowa.

Ya kamata in faɗi sana'ata, don ita ce ta ja mini. Humra nake haɗawa, da turaren wuta, ni nake shirya amare tun daga dilka har zaman hayaƙi. Hannuna kullum cikin sandal da miski da farcen turare yake, har ni kaina na daina jin ƙamshin a jikina. Kuma a tarbiyyar da aka yi mana, mace ba ta zuwa gidan da ba a san ta ba, neman alfarma, tana warin rana. Don haka na zauna a hayaƙin itacen ɗalhi mai ƙamshi tun jajiberin tafiyar, da safe na shafa humra wuya da hammata da bayan kunne, na yafa tob ɗina, wato lafaya, mai ruwan bula mai duhu, wanda nake ajiyewa don biki. Na kuma cika kwalba guda da humrar da ta fi kowace tsumuwa, tsaraba ga matan gidan. A raina ina cewa yau za su san 'yar mutunci ta zo.

Mota zuwa Suk al-Arabi, wata ta haye da mu gada zuwa Umdurman, wata kuma ta yi kudu da mu har gidaje suka fara rabuwa da juna, gonaki suka fara leƙowa. Daga nan na hau raksha, keken nan mai ƙafa uku. Da na faɗa wa direban gidan masu zuma sai ya waiwayo ya dube ni sama da ƙasa, ya ja hanci. Da sauran tafiya ya taka birki, ya nuna mini wata katangar ƙasa da itatuwan lemo a bayanta.

Na ce, "Ƙarasa mana."

Ya ce, "Ni iyakata nan, hajiya. Allah ya tsare." Ya juya abinsa da sauri kamar wanda ya yi sata.

Na ce ikon Allah, ko kare gare su? Na tsinci dutse na riƙe.

Ƙofar langa-langa a buɗe take. Na yi sallama, shiru. Ina ta ɗaga kai ina neman amya a kan itatuwa, ban ga ko ɗaya ba. Sai wasu fararen akwatuna jere a ƙarƙashin lemo, kamar an sauke kayan lefe an manta da su. A tsakiyarsu ga wani abu tsaye, fari fat tun daga sama har ƙasa, ba fuska sai raga, hayaƙi na tashi a gefensa. Abin ya juyo, ya ɗaga hannu biyu yana kaɗawa. Na ɗauka maraba yake yi mini, sai na saki dutsen, na gyara tob na nufe shi ina ƙara ɗaga murya da sallama. Ashe cewa yake, "Koma! Koma!" Ragar ce ta cinye muryar.

Ban ankara ba sai ga wata matashiya ta fito daga wani ɗaki a guje. Ba sannu, ba lale, ta cafki tsintsiyar hannuna ta fizge ni. Na ce, "Ke! Lafiya? Sake ni!" Ko kallona ba ta yi ba. A daidai nan na ji wani abu kamar an ɗosa mini garwashi a saman ido, wani kuma a wuya. Na kurma ihu, jakata na dukan gwiwata, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya. Ta tura ni cikin ɗakin, ta banko ƙofa, ta rufe taga, ta hau kaɗe mini tob da tsumma kamar mai kakkaɓe katifa.

Cikin duhun sai na ji wata murya ta ce, da Hausa irin ta mutanen da, wadda rabona da ji tun kakannina, "Wace amaryar ce aka kawo mana ba sanarwa?"

Wata tsohuwa ce zaune a gadon igiya, tana dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Na ce, "Baba, haka kuke karɓar baƙi a gidan nan? Na yi sallama ba a amsa ba, an ja ni kamar akuya!"

Ta ce, "Zo nan, 'yar nan, kafin idon ya rufe." Ta kankare ƙarin da farcenta, ta sa aka yanko albasa ta goga mini. Tana gogawa tana bayani. Wanda na gani cikin fararen kaya ɗanta ne, wadda ta ja ni matarsa ce. Ya buɗe akwatunan ke nan na shigo. Ƙudan zuma kuwa ba abin da ke haukata su kamar turare, sai kuma tufa mai duhu. Ta ce, "Ke kuma kin haɗo duka biyun kin zo. Da yarinyar nan ba ta hango ki ba, da yanzu wani zancen ake yi."

Kunya ta rufe ni, kuma don in wanke kaina sai na ƙara kwaɓa ta. Na zaro kwalbar humra na ce ga tsaraba. Matashiyar ta yi tsalle ta karɓe kamar na miƙo mata wuta, ta naɗe ta a leda, ta ƙara wata ledar, ta jefa a gwangwanin madara ta danne murfi. Amma na gan ta. Kafin ta rufe sai da ta kai ledar hancinta ta lumshe ido. Ta ce a hankali, "Tun satin bikina rabona da shi."

Aka kawo shayi. Can mai gidan ya shigo, ya tuɓe ragar, ashe wani siririn mutum ne mai sanyin magana, yatsunsa duk a kumbure. Ya ba ni haƙuri, ni ma na ba shi. Na ce zuma nake so ta gaskiya.

Ya ce, "Wacce?"

Na ce, "Ta gaskiya mana."

Ya fita ya dawo da ƙananan faranti a tire. Wannan ta bagaruwa ce, baƙa, da ɗan ɗaci. Wannan ta magarya, ja, mai kauri. Wannan ta furen ciyawar dabbobi da ake shukawa a bakin kogi, fara, tsararo kamar ruwa. Ta ƙarshen kuwa a daskare take, fara, kamar man shanu. Na nuna ta na ce, "Wannan kam ko makaho ya san sukari ce." Ya ce ai ita ce waccan tsararon, sanyin hunturu ne ya kama ta. Na ce to wane akwati ne ke ba da baƙar, wane ne ke ba da farar? Ya ce akwati ɗaya ne, watan da aka ɗiba ne ke bambanta su. Na ce to ya aka yi ya san wannan magarya suka sha? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wallahi hajiya ƙiyasi ne. Ba na bin su. Lokacin da magarya ta yi fure, sai in ce ta magarya ce."

Tabɗijam! Na baro Hajj Yusuf don in huta da ruɗani, ga shi an ƙara mini a faranti. Na zaro ashanata daga jaka, don da ita na zo. Na tsoma a baƙar na ƙyasta, ta ƙi. Na tsoma a daskararriyar da na kira sukari, ta kama fau. Mutumin yana kallona kamar mai kallon bori, bai hana ni ba.

Ina cikin wannan ne idona mai lafiyar ya sauka a bayan ƙofa. Buhun sukari, babba, an sha rabinsa. Na miƙe tsaye na ce, "La'ilaha illallahu! Sukari a gidan zuma? Ashe duk kanwar ja ce! Na haye gada, na sha harbi, don in zo inda ake dafa ta?"

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya ce in zafi ya tsananta fure ya ƙare, ruwan sukari yake ba su don kada yunwa ta kore su, kuma ba ya ɗiban zuma a lokacin. Na ce wa ya shaida? Ya ce Allah. Ban yarda ba, ban kuma ƙaryata ba. Na koma na zauna, sai kawai na ji hawaye. Na ba su labarin Inna tun daga farko, da robar, da rantsuwar, da makon da ya kusa cika.

Tsohuwar ta tambayi kambon su Inna. Na faɗa. Ta ce ba nasu ba ne, amma ta san yankin, su ma daga Jazira suka taso. Na matso da sauri na ce, "To Baba, ke kin sha zumar amya. Yaya take? Baƙa ce ko ja?"

Na ƙura mata ido kamar za ta ba ni aljanna. Ta ce, "Oho. Mu dai an ba mu mun lashe. Wa ya tsaya duba launi?"

Na ce to abu ɗaya ya rage. Inna ta ce wadda aka ciro ina gani. Sai na gani da idona.

Mai gidan ya dubi uwarsa, uwar ta dube ni, ta ce, "A haka? Tashi ki yi wanka."

Na yi wanka da sabulun wanki, irin wanda ko tsumman girkina ba na yarda ya taɓa. Na fito ɗaure da zanin aro. Tsohuwar ta jawo ni ta shinshina wuyana, ta girgiza kai. Na koma na sake dirzawa har fatata ta yi zafi. Ta sake shinshinawa ta ce, "Wannan ba a fata yake ba, ya kai ƙashi." Sai ta ce wa surukarta ta buɗe ramin.

A bayan madafa akwai ramin hayaƙi irin na kowane gida, wanda mata ke zama a kai, sai dai nasu an rufe shi da faifan ƙarfe, har gizo-gizo ya yi saƙa. Na ce, "Af, ashe kuna yi." Na zuba ido in ga an kawo ɗalhi, sai ga yarinyar da busasshen kashin shanu cike da kwano, da tsumman buhu. Abin da mijinta ke cusawa ke nan a gwangwanin da yake busa wa ƙudan zuma hayaƙi da shi.

Na ce, "Wa za a turara da wannan?"

Tsohuwar ta ce, "Amaryar."

Ni! Ni da amaren Hajj Yusuf ke bin layi in zaunar da su a kan sandal! Na ce wallahi ba za a yi ba. Tsohuwar ta ce to shi ke nan, a zuba mini a kwalba in tafi, ba wanda ya tilasta ni. Na tsaya ina kallon ramin. Na tuna kuncin maƙwabciyar nan da robar manne a kai. Na tattare zani na zauna. Suka lulluɓe ni da bargo har wuya, hayaƙin ya taso, ɗaci-ɗaci, kauri-kauri, ya shiga hanci ya fito ta ido. Ina tari ina zagin direban raksha da bai buɗe baki ya gaya mini ba, su kuma surukai biyu suna ta ƙyaƙyata dariya. Da aka ɗaga bargon tsohuwar ta ciro wani tsohon farin tob nata da ya koɗe ya zama ruwan ƙasa, ta riƙe shi a kan ramin shi ma ya sha, ta naɗe ni da shi. Aka kifa mini hular raga, aka zura mini safar mijin a hannu.

Haka na bi mai gidan zuwa gindin lemo. Ya busa hayaƙi a bakin akwati, ya ɗaga murfi. Ƙugin da ya taso, a cikina na ji shi, ba a kunne ba. Ya ce kada in kaɗa hannu, kada in gudu. Ya zaro wani katako mai kusurwa huɗu, ƙudan sun lulluɓe shi, ya share su da reshe a hankali kamar mai share wa jariri ƙasa. Ga saƙa nan, an toshe ramukanta da farin kaki. Ya sa wuƙa ya yanka ya sa mini a roba mai murfi. Na gani kam. Amma ido ɗaya a kumbure, ɗayan yana zubar da ruwa, ga raga a tsakani, in aka ce in rantse a kan abin da na gani, sai in ce na ga hayaƙi.

Da muka koma ɗaki na gutsuri saƙar na sa a baki. Zaƙi ne. Zuma ce. A harshena ba ta da maraba da kwalba ta biyu da na sayo a Suk al-Arabi, wadda Inna ta mayar. Na ce a raina, yau na sha wahalar banza.

Na ce a ba ni tob ɗina in kama hanya. Sai yarinyar ta sunkuyar da kai. Wai don ta kyauta mini, ta jiƙa shi da garin sabulu ta wanke, ga shi can a igiya yana ɗiga. Tsohuwar ta ce in tafi da nata, in na samu hanya na dawo da shi. Me zan yi? Na cusa jiƙaƙƙen a leda, na nemo takalmina ɗaya a inda ya faɗi, na fita ta ƙofar baya.

Tafiyar komawa kam ba na son tunawa. A motar Umdurman wata mata ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci, yaron mota ya buɗe duk tagogin, wani dattijo ya tambaye ni da tausayi ko gobara aka yi mana. A Suk al-Arabi na hango uwar wata amarya da na shirya, na juya baya na shige tsakanin masu sayar da takalma. Banza na wahalar da kaina. Ta wuce ta gefena, ta dubi idona a kumbure da tob ɗin, ba ta ma gane ni ba.

Na iso gida rana ta yi sanyi. Ƙanena na zaune a ƙofa. Ya dube ni ya ce, "Yaya, garke kika kwana?" Ban kula shi ba. Sai ya sauke murya ya ce yau ko ruwan ba ta karɓa ba, ya riga ya yi magana da mai mota, gobe da safe za a kai ta. Na so in fara watsa ruwa in sauya kaya, don ban taɓa shiga wurin Inna ina wari ba. Amma da na ji haka sai na wuce kai tsaye.

Tana kwance, fuska a bango. Na ce, "Inna, ga ta. A gabana aka ciro." Na ɗiba a cokali na zagaya da shi bakinta. Ba ta buɗe ba. Ko taɓawa da harshe irin na da ba ta yi ba. Na ajiye cokalin. Na ce shi ke nan, na yi iyakar yina, Allah ya gani. Na sunkuya in gyara mata matashi, don kada ƙanena da ke bakin ƙofa ya ga fuskata.

Sai na ji an riƙe ni. Hannunta mai lafiyar ne ya kama gefen tob ɗin. Na ɗauka ture ni za ta yi saboda warin, har na fara ja da baya ina ba ta haƙuri. Ta ƙara damƙewa. Ta jawo shi ta ɗora a hancinta, ta ja numfashi, ta sake ja. Ta buɗe ido, amma ba ni take kallo ba.

Ta ce, "Baba ya sauke amya?"

Na waiwaya na dubi ƙanena, shi ma ni yake kallo. Na ce, "Ya sauke, Inna."

Ta ce, "To ba ni, kafin su yaya su cinye."

Cokalin ma ban bi ta kansa ba. Na lakato da yatsa na kai bakinta, ta tsotse. Na ƙara. Na gutsuro saƙar, ta tauna kakin a hankali da 'yan haƙoran da suka rage, ta tofo mini a tafin hannu kamar yadda yara ke yi. Ƙanena ya ruga madafa, shi da bai taɓa ɗora tukunya ba, ya damo wani kunu duk gudaji. Muka zuba zumar a ciki. Ta sha, hannunta na riƙe da tob ɗin, ba ta sake shi ba har ta yi barci.

Da safe ƙanena ya sallami mai mota. Shi har yau cewa yake zumar ce, ta gaskiya ce aka samu. Ni ban sani ba. Akwai ranar da ya yi kuskure ya zuba mata ta kasuwar, ina zaune da tob ɗin a jikina, ta shanye ba ta ce uffan ba. Akwai kuma ranar da na yafa shi, na kawo ta gidan masu zumar, ta juya mini baya har yamma. In na ce hayaƙin ne, wannan ranar ta ƙaryata ni. In na ce zumar ce, waccan ta ƙaryata ni. Na daina bincike, na riƙe duka biyun.

Da warin ya fara sanyi sai na shiga zuwa wurin masu shanun madara a bayan unguwa ina roƙon busasshen kashi. Ina zuba shi a kaskon da nake ƙona sandal, in rataya tob ɗin a kai. Maƙwabta suka ce wani malami ne ya ba ni laƙani, wasu suka ce jinya ta taɓa mini kai. Kwalaben humra na kulle su a akwati, amare suka koma wurin wata. Ya dame ni, ba zan ɓoye ba, sana'ar da na gina da hannuna ce. Amma Inna tana ci, kaɗan-kaɗan, kuma wani lokaci in ta riƙe tob ɗin sai ta ba ni labarin magudanar ruwa da yayyenta, waɗanda duk sun riga ta.

Ta kai har bayan damina. A gadonta ta cika, da hantsi, ba roba a hancinta.

Matan da suka zo wanka suka ce in kawo turare, sun san a gidan nan ba a rasa mai kyau. Na buɗe akwatin na ba su sandal da miskin da ya fi kowanne, don haƙƙinta ne, aka turara likkafani har ƙamshin ya kai titi. Wata gwaggonmu ta ja ni gefe ta ce, "Ke kuma je ki cire wannan tsumman, mutane na shigowa." Na ce to. Na koma na zauna a wajen kanta da shi a jikina, na ɗora gefensa kusa da fuskarta, har maza suka yi sallama suka ce a ba su hanya.